Shekarar da Na Ce “Mu”

Duk Juma'ar da kuka taru a gidan nan kuna shan shayi, sai na ji ɗayanku ya ce, “Khala Safiya, ai aikin jarida ya zama na kowa, ka ɗaga waya ka ɗauka, halas, shi ke nan.” Ba na musu da ku. Amma yau tunda zafi ya hana ku fita, ku gyara zama in ba ku labarin aikin yadda na yi shi, shekara talatin ba kaɗan. In kun ji Hausata ta karkace ku yi haƙuri. Ta kakata ce, a nan unguwar Sa'alaba ta Jidda na koye ta, ban taɓa kwana a ƙasar Hausa ba.

Kakana da ƙafa ya taso daga wani ƙauye a gabashin Kano. Ya yi shekaru a hanya, ya yi noma a Sudan, ya haye teku, ya sauke farali, bai koma ba. A garin nan aka haifi babana, a nan aka haife ni, takarduna na ƙasar nan ne. Ku riƙe wannan, don labarin zai zo inda ake tambayarsa.

Aikin farko da aka tura ni a tashar jiragen ruwa ne. Lokacin ina sabuwa a sashen mata na wata jaridar Larabci. Ɗaki ne a saman bene mai ƙofarsa daban, mu biyar, da tarho ɗaya da injin faks ɗaya. Aka ce jirgin alhazai zai iso daga Sudan, a cikinsa akwai tsofaffin da ba sa jin Larabci, sai wani ya tuna akwai yarinya a sama mai jin Hausa. Yayana ya kai ni a motarsa da sassafe. Ranar tururin teku ya rufe ko'ina, ba ka gane inda ruwa ya ƙare da inda sama ta fara. Muna tsaye sai jirgin ya bayyana a hankali daga cikin farin nan, kamar wata unguwa ce ta tsinke daga ƙasarsu ta taho da mutanenta da shanyarsu. Na tsayar da wata tsohuwa 'yar Chadi. Ta ce awaki ta riƙa kiwo tana sayarwa har kuɗin kujerar hajji suka cika. Tana magana tana murza ƙasan tashar da tafin ƙafarta, tana son ta tabbata ta iso. Na rubuta komai da biro.

Da na koma ofis na buɗe littafin, damshin teku da gumin hannuna sun narkar da tawadar. Labarin yana kaina, amma sunanta ya zama tabo shuɗi. Sai na rubuta “wata tsohuwa”, na tura ta faks. Ba a jima ba tarho ya yi ƙara. Editanmu ne, Ustaz Hamid.

Ya ce, “Ya binti, tsohuwar nan ba ta da suna?”

Na ce, “Ustaz, ruwa ne ya cinye shi.”

Ya ce, “Ta yi shekaru tana kiwon awaki don ta zo ki kira ta wata? Yalla, ki nemo ta.”

Kwana biyu muna bin masaukan alhazai ni da yayana kafin na same ta tana jiƙa gero a kwano. Sunanta Fanta Abakar. Tun daga ranar fensir nake riƙewa, don fensir ba ruwansa da damshi. Kuma sau biyu nake tambayar suna, in rubuta, in karanta wa mai shi ya ji da kunnensa.

Shekara goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashin Ustaz Hamid ban ga fuskarsa ba. Muryarsa na sani, da tarinsa, da ƙarar cokali a kofinsa. An ce da jar tawada yake gyara, amma faks baƙi yake fitar da komai, don haka ni ban taɓa ganin jan ba. Shi ya koya mini kada in fara labari da abin da na ji a raina, in fara da abin da mutumin yake yi da hannunsa. Shi ne kuma ya gajarta sunana a kan shafi. Cikakken sunana yana ƙarewa da Alhausawi, kamar na yawancinku. Layin jarida siriri ne, sai ya bar “Safiya Harun”. Ban tambaye shi dalili ba, shi ma bai faɗa ba. Da wannan sunan garin ya san ni.

Kayan aikina a lokacin ba su cika jaka ba: rakoda mai kaset, batura na ajiya, littafi, fensir biyu, da sarari a jaka don abin da za a ba ni, domin ba a barin gidan tsohuwa hannu rabbana. Rakoda ba a ɗora ta a kan tebur, tana kwasar motsin kofi da gwiwar hannu. A kan matashi ake ajiye ta, nesa da na'urar sanyaya ɗaki. Babban kayan aikin kuwa shiru ne. In ka yi tambaya mutum ya amsa, kada ka yi saurin jefa wata. Ka jira. Amsar farko ta baƙo ce, ta biyu ita ce ta gida. Abin da na fi so a aikin shi ne kwafe kaset da rana tsaka, ofis ya yi tsit, in sa abin ji a kunne. A bayan muryar mai magana sai ka ji garin duka yana wucewa: kukan tsuntsayen teku, keken ɗinki a maƙwabta, ladan na nesa ya riga na kusa, yaro yana kiran mai ruwa. Wani lokaci nakan manta da rubutun in bi waɗannan sautuka har kaset ya ƙare da kansa.

Masu karatu su ne abokan cinikinmu, kuma a da sai mutum ya ɗaga tarho ya faɗi sunansa kafin ya zage ka. Wannan kaɗai yana rage rabin zagin. Akwai wata malamar makaranta mai ritaya da take kira duk Asabar ta gyara mini nahawu. Bayan shekaru ta matsa sai na zo gidanta. Na je na ƙwanƙwasa, ta buɗe, ta ga baƙar mace, ta leƙa bayan kafaɗata ta ce, “Ina Ustazar?” Na ce, “Ga ta a gabanki.” Kunya ta kama ta, ta riƙo hannuna, ta shayar da ni gahawa har sau uku. Irin wannan mun saba da shi. Ƙarami ne, kofi ɗaya yake wanke shi.

Daga baya takarda ta rame. Shafuka suka ragu, aka haɗe ofisoshin maza da mata, Ustaz Hamid ya yi ritaya, sabon shugaban da aka kawo ya ce yanzu bidiyo ake kallo, kowa ya fito da fuskarsa. Na koyi tsayuwa a gaban kyamara da furfura a ƙarƙashin mayafina. Na koyi maƙala makirufo inda mayafi ba zai goge shi ba, da juya wa rana kafaɗa don kada fuska irin tawa ta zama inuwa.

Aikin da ya jawo muguwar shekara a kan tsire ne. Kun san Larabawan garin nan suna ce masa siriya, suna ci tun suna yara, da yawansu ba su san daga bakin kakanninmu sunan ya fito ba. Na ce bari in yi ɗan labari mai daɗi. Akwai wani dattijo, Malam Garba, mutumin Maraɗi, shekararsa arba'in yana gashi a wani ƙaramin shago a bayan Bab Makka, cikin tsohon gari. Sau huɗu na je wurinsa ban ɗauki komai ba, ina zaune a benci ina kallo. Yadda yake yanka naman sirara har kana hango wuƙar ta cikinsa. Yadda yake barbaɗa ƙuli da yaji daga sama, ba ya dannawa. Yadda yake sanin zafin garwashi da bayan hannunsa. A zuwa na biyar, bayan la'asar, muka ɗauka. Hasken ya sauko ta tsakanin tsofaffin gidajen nan masu tagogin katako, hayaƙi ya tsaya a cikinsa bai tashi ba, masu saye suna shiga suna fita daga hayaƙin kamar mutanen mafarki. Ban taɓa ɗaukar abu mai kyau kamarsa ba. A ƙarshe na juyo na ce da Larabci, “Wannan abincinmu ne, mu mutanen Jidda.” Sannan na ce masa da Hausa, “Baba, Allah ya ƙara albarka.” Ya ce, “Amin, 'yata.”

Kwana biyu ana yabo. A rana ta uku wani wanda ba ya amfani da sunansa ya yanko ƙarshen nan kaɗai, ya sa a shafinsa, ya rubuta a sama: “Su wa take nufi da mu?”

Ina kan hanyar ofis wayata ta fara rawa a jaka, ba ta tsaya ba. Da na duba, saƙonni suna sauka kamar fari a gona. Aka ce in koma ƙasarmu. Aka kira ni Takruniya, sunan da suke raina baƙar fata da shi, aka kira ni baiwa. Aka ce a binciki yadda na sami takardar ƙasa. Wani ya ɗauki hotona ya haɗa da na dabba, wasu suka yi ta yaɗawa suna dariya. Aka tono cikakken sunana aka ce ga shi, ɓoyewa nake yi tun da. Akwai waɗanda suka kare ni, Larabawa da yawa, wasu ma tsofaffin masu karatuna ne, sai dai duk wanda ya kare ni sai a koma kansa, kuma kowace amsa ƙara wa wutar itace take yi. Daga can gida kuma, inda ban taɓa zuwa ba, wasu suka ce ga 'yar Hausa tana neman zama Balarabiyar dole, ku ji Hausarta ma. A nan unguwa wata maƙwabciya ta tare ni ta ce, “Safiya, muna zamanmu lafiya kin jawo mana ido.” A mako na biyu aka sa hoton ƙofar gidanmu. A na uku aka rubuta sunan makarantar 'yata.

Ku saurara da kyau, domin wannan ma sashe ne na sana'ar yanzu, kuma ba wanda ya koya mini shi. Ba a amsawa, ko sau ɗaya. Ba a kuma gogewa. Duk saƙon da ya ambaci gida, ko yaro, ko barazana, a ɗauki hotonsa yadda sunan shafin da lokacin za su fito, a buga a takarda, a jera bisa kwana. Zagi zalla daban, barazana daban, don lauya ba zai karanta tari ba. Ba kai za ka riƙa karantawa ba, ka ba wani amintacce ya tace maka. Ni ƙanwata ce ta yi mini, takan zauna da safe bayan ta karya ta yi awa ɗaya, ta rufe. Ka cire hotunan dangi daga ko'ina. Ka canza hanyar da kake bi da lokacin fitarka. Ka faɗa wa makarantar yara su san wanda zai ɗauke su. Na yi duk wannan da tsari, kamar mai haɗa rahoto a kan wata mata da ban sani ba. Kwanakin kansu haka suka zama, ina tafiya a Bab Makka ina ganin kowa da waya a hannu, ban san a wace fuskar zagin yake zaune ba.

Shugabanmu ya kira ni ofishinsa. Ba mugu ba ne, tsoro yake ji. Ya ce, “Ustaza, ki huta wata biyu. In kin dawo sai ki riƙa rubutu daga ciki, ba suna, har ƙura ta lafa.” Na ce to. Ya tambaya ko a sauke bidiyon. Na ce ya ba ni lokaci.

Ina cikin hutun nan, wata safiya tarhon gida ya yi ƙara, wanda ba mai kiransa sai tsofaffi. Na ji tari kafin na ji murya. Ustaz Hamid ne. Jikarsa ce ta nuna masa. Na zaci jaje zai yi mini.

Ya ce, “Ya binti, na ga aikin. Hasken ya yi kyau. Yaya mai naman?”

Na ce ban je wurinsa ba.

Ya ce, “Kwana nawa rabonki da shi?”

Na ƙirga. Kwana ashirin da shida. Ina ta jera takardu a kan abin da aka yi mini, ban taɓa tambayar abin da ya sami mutumin da na tsayar a gaban kyamara ba.

Ya ce, “Ke kina da lauya da takardar ƙasa. Shi me yake da shi? Yalla.” Ya ajiye.

Na tarar da shagon a rufe, an ja ƙofar ƙarfe. Mai yadin da ke kusa ya ce mutane sun yi ta zuwa suna ɗaukar hoton shagon, wasu suna kiran lambar da ke jikin allo suna cewa za su kai ƙara, wai naman ba shi da tsabta, wai dattijon ba shi da takarda. Ƙarya ne, iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, lafiya lau take. Amma kafilinsa, wanda shagon yake da sunansa, ya ce shi ba ya son fitina, ya rufe. Hausawa suna cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A aikinmu sau da yawa na kusa da shi yake fara dokewa.

Na same shi a ɗakinsa a nan Sa'alaba, bayan azahar, yana zaune a tabarma yana wasa wuƙaƙensa a dutse, alhali ba naman da zai yanka. Na durƙusa na gaishe shi.

Na ce, “Baba, ni na jawo maka wannan. Ka yafe mini. In ka ce a sauke shi, yau za a sauke.”

Ya ce, “Me za a sauke?”

Na ce, “Bidiyon.”

Ya ce, “Ai ni ban ma gan shi ba. Wayata ta kira ce kawai.”

Garin duka ya kalle shi, an rufe masa shago a kansa, shi bai gani ba. Na miƙa masa wayata, na rufe wajen sharhi da tafin hannuna. Ya kalla har ƙarshe, ya ce in mayar farko. Ya sake kallo. Fanka tana juyawa a samanmu, hayaƙin cikin wayar yana tashi a hannunsa.

Ya ce, “Na yi saurin juya tsinke na ukun nan. Kyamararki ce ta ruɗa ni.”

Ya miƙo mini wayar ya ce in ba shi lokaci ya yi tunani.

Daga cikin takardun da lauya ya shigar, mutum ɗaya aka iya ganowa, wanda ya sa hoton ƙofarmu. Na zaci zan ga wani ƙato. Sai ga magidanci mai sanƙo, ma'aikacin wani ofishin fiton kaya a kusa da tasha, ya zo ofishin lauya da kawunsa neman sulhu. Bai iya kallona ba. Kawun ya yi ta magana, shi kuwa abu ɗaya ya faɗa: “Wallahi ban zaci za ta karanta ba.” Na tambaye shi ko yana cin siriya. Ya ce tun yana yaro. Na ce zan janye in ya je ya sami kafilin Malam Garba ya faɗa masa da bakinsa cewa ƙarya aka yi wa dattijon. Ya je, ban hana shi wannan ba. Amma kafilin ya riga ya ba wa mai sayar da kayan waya hayar shagon.

Na koma aiki bayan wata biyu. Na yi shekara ina rubutu ba suna, sannan na ce a mayar da sunana, cikakkensa, har da ƙarshen. Na koma gaban kyamara. Har yau ana zagi, sai dai ya zama kamar damshin garin nan, kana sanin yana nan kana aikinka. Abin da ya canza shi ne yadda nake fara aiki. Kafin in kunna komai sai na zaunar da mutum na faɗa masa abin da zai iya biyo baya: za a iya zaginsa, za a iya nemo shagonsa, kafilinsa zai iya tsorata. Ina tambayar wa yake riƙe da iƙamarsa, kuma ko ya sani. Mutum bakwai cikin waɗanda na fi so in ɗauka sun ce a'a bayan sun ji wannan, har da wata mai ɗinkin huluna da hannunta ya fi na kowa. Labaransu suna cikin littafina, ba wanda zai gan su. Wannan shi ne kuɗin aikin, kuma ni ya kamata in biya, ba su ba.

Malam Garba ya nemi wani wurin bai samu ba, shekarunsa sun yi yawa ga sabon kafili. Da sanyi ya shigo ya yanke shawarar komawa Maraɗi wurin 'yarsa. Ranar tafiyar na je da safe. Kayan shekara arba'in sun shiga akwati biyu. Ya raba wa maƙwabta tukwane da fanka, ya naɗe wuƙaƙen a tsumma ya sa a tsakiyar tufafi. Muna tsaye a ƙofa muna jiran mota, iska tana kawo warin teku ta saman gidaje, na tuna masa cewa har yanzu bai ba ni amsa ba.

Na ce, “Baba, maganar bidiyon. A sauke?”

Ya daɗe yana kallon layin, da masu wucewa, da kyanwar da take kwance a ƙarƙashin wata mota.

Ya ce, “Shagon an ba wani. Ɗakin nan gobe wani zai shiga. Iƙama kuma a filin jirgi za ta ƙare.” Ya gyara hularsa. “Ki bar shi, 'yata. In wata rana aka ce ban taɓa zama a garin nan ba, ki nuna musu.”

Motar ta iso, na riƙe masa ƙofa ya shiga. Ban sauke shi ba.